Cikina a gaban ɗaliban likita

Kun dai san halin cikina in na ci burodi ko taliya: kumburi, ƙugi, sai sintiri zuwa bayi. Mai kemis a Sabon Gari ya ce taifot, wani ya ce olsa, Kawu ya rantse dattin ciki ne ya aiko da jarkar jiƙo. Da ƙyar wani likita ya lura jinina ya yi ƙasa, ya ce wataƙila cutar siliyak ce, wadda sinadarin gulutin na cikin alkama da sha'ir ke sa garkuwar jiki ta riƙa illata ƙaramin hanji. Ya tura ni wajen ƙwararren likitan ciki da hanji.

Na sha shadda na kafa hula na tafi. Ina shiga na tarar da ɗalibai sun yi cincirindo da fararen riguna, ga ƙanwar matata a sahun gaba. E, ita ɗin.

Likita ya ce, "Malam, bayan gidan naka sau nawa a rana?" Na faɗa ƙasa-ƙasa. Ya ce in ɗaga murya ɗalibai su ji. Na ɗaga. Yana da maiƙo? Warinsa ya wuce misali? Sannan ya ce, "Yana tasowa saman ruwa ko nutsewa yake?"

Na ga hanyar kuɓuta, na ce, "Likita, ai masai ne a gidanmu."

Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu. Ta ɗaga hannu, jama'a! Ta ce, "Ranka ya daɗe, bayin gidan Yaya na zama ne." Wani dogo a baya ya toshe baki da littafi, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ce yana tasowa, aka rubuta.

Yarinyar da ni na biya mata kuɗin JAMB. Ni nake kai mata gari da ƙuli Samaru a kan mashin, cikin ƙurar hunturu. Har yau cajar wayata tana hannunta, in na tambaya ta ce sai ta duba.

Likitan dai ya san aikinsa, ban ƙi ba. Ya ce kar in kuskura in daina cin alkama kafin gwajin jini, don in na daina sakamakon zai iya fitowa kamar lafiyata ƙalau. In jinin ya nuna, za a zura min bututu mai kyamara ta baki a tsinko ɗan naman hanji a duba. In ta tabbata kuwa, ni da funkaso da alkaki da gurasa mun rabu har abada, sai tuwon masara, shinkafa, gero da acha.

Kafin in kai Kwangila labari ya riga ni isa gida. Uwargida ta ajiye min burodi da shayi tana wani murmushi, wai umarnin likita ne. Na ci mana. Cajar kuma an ce sai an yi hutu.