A Roma zama ma kuɗi ne

Wai don Allah mutanen Roma ba sa gajiya ne? Ɗalibi ne kai, ka samu hutun rana ɗaya ka ce bari ka shiga gari ka ga Kolosiyam da sauran wuraren tarihi, tun safe kana taka duwatsun nan baƙaƙe da suka shimfiɗa a titi har tafin ƙafa ya fara zafi, amma wurin da za ka ɗan zauna kyauta ya gagara.

Matattakalar nan ta Piazza di Spagna, ga ta shimfiɗe kamar an yi ta don hutu, amma tun 2019 aka hana zama a kai, kana ɗora mazaunai ɗan sanda zai busa maka usur, in ka yi taurin kai tara ce. To shikenan na shiga shagon kofi. Ashe in ka sha a tsaye farashinsa daban, in ka ja kujera ka zauna ya ninka, kofin dai shi ne wallahi ba a ƙara ko ɗigo ba. A wasu gidajen abinci kuma akwai wani coperto da suke liƙa wa kowane mutum a takardar biya, kuɗin zama kenan tun ba ka taɓa cokali ba. Banɗakin tashar jirgin ƙasa ma sai ka jefa kuɗi ƙofar ta buɗe.

Ruwa ne kaɗai suka bar mana, famfunan nan na bakin titi da suke kira nasoni, sanyi ƙalau. Shi ma a tsaye za ka sha, haba.