Gembu: Garin da Hanya Ɗaya ke Riƙe da Shi

Duk wanda ya taɓa hawa tudun Mambila a motar haya ya san inda hira ke mutuwa. Daga Jalingo a bi ta Bali, a wuce Serti, ana ta surutu da cin gyaɗa. Ana barin Mayo Selbe mota ta ɗaga hanci, sai ka ji kowa ya koma salati. Hanya kwana-kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Sai an kai Maisamari numfashi ke dawowa, sanyi kuma ya fara ratsa riga. Daga nan Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, a kan tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba, wannan yanki bai shigo Najeriya tare da mu a 1960 ba. Jamusawa ne suka fara riƙe shi a cikin Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. Sai a Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, aka raɗa wa lardin suna Sardauna. Wato mu haihuwarmu aka yi a ƙasar nan, su kuwa da ƙuri'a suka shigo.

To me aka saka musu da shi? Ganyen shayin da ake nomawa a Kakara, a kan tudun, ta hanyar nan yake sauka. Shanun Fulani ma haka. Fetur, siminti da magani ta nan suke hawa, kuma kowace kwana sai ta ƙara musu kuɗi kafin su isa kasuwa. In damina ta zabtare gefen dutse, ko tirela ta gitta, shi ke nan, gari ya zama tsibiri.

Ni kam na gaji da jin zancen madatsar wutar Mambila mai megawat 3,050. Tun muna yara ake ta, har yau ko kwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. Haka ma masu kiran wurin aljannar 'yan yawon buɗe ido (su da suka gan shi a hoto kawai). A fara gyara hawan nan tukuna, a faɗaɗa kwanoni, a sa shinge a bakin rami. Mai naƙudar da aka ɗauko daga Gembu cikin dare ba megawat take tambayar direba ba, tambayarta kwanoni nawa suka rage a sauka Mayo Selbe.