Finafinan ban tsoro na Meziko: munanan kwafi ne suka ɓata musu suna

A 2023 kamfanin Powerhouse da ke Ingila, mai fitar da faifai da tambarin Indicator, ya sako wani ƙunshin Blu-ray mai suna Mexico Macabre. Finafinai 4 ne a ciki, duk na ban tsoro, duk baƙi da fari, waɗanda suka fito a Meziko tsakanin 1959 da 1963. Da shekara ta zagayo sai ya biyo da El vampiro na 1957 tare da cigabansa, El ataúd del vampiro. Masu tara faifai suka yi murna, suka saya, aka wuce wurin. Ni a ganina maganar ta fi ƙarfin murnar masu tara kaya. Waɗannan finafinai sun yi shekaru masu yawa ana yi musu dariya a wajen ƙasarsu, kuma galibin masu dariyar ba su taɓa ganinsu yadda masu su suka yi su ba. An yanke musu hukunci a kan gurɓatacciyar shaida, gyaran da ake yi yanzu kuwa shi ne ɗaukaka ƙara.

Sai an san halin da sinimar Meziko take ciki a wancan lokaci kafin a gane darajar abin da aka yi. Zamanin da suke kira na zinariya, wanda ya faro a tsakiyar shekarun 1930, ya zo gangara. Talabijin ya shigo ƙasar a 1950 ya fara janye 'yan kallo, Hollywood ta dawo da ƙarfinta bayan yaƙin duniya na biyu, sannan a Afrilun 1957 Pedro Infante, jarumin da ya fi kowa farin jini, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Mérida. Ko kyautar Ariel, wadda ita ce babbar lambar yabon fim a ƙasar, an dakatar da ita bayan 1958, ba ta dawo ba sai 1972. Cikin wannan yanayi ne Abel Salazar, jarumi kuma furodusa mai kamfanin ABSA, ya yanke shawarar zuba kuɗinsa a fim ɗin mashayin jini. Ya ɗauko darakta Fernando Méndez, ya kuma bai wa Germán Robles babban matsayi, ɗan wasan dandamali haifaffen Gijón a Sifaniya wanda masu zuwa sinima ba su san fuskarsa ba.

Labarin El vampiro yana da sauƙi. Wata budurwa, Marta, ta sauka daga jirgin ƙasa a Sierra Negra za ta duba gwaggonta marar lafiya a gandun danginsu, Los Sicomoros. A jirgin da ya kawo ta an sauke wani akwati cike da ƙasa daga Hangari. Ta isa gida ta tarar da shi ya zama kango, an ce gwaggon da ta zo dominta ta mutu an binne ta, ɗaya gwaggon kuma, Eloísa, wadda Carmen Montejo ta fito a matsayinta, ko alamar tsufa babu a jikinta. Ga wani maƙwabci mai kuɗi, baƙo daga Turai, ya nace sai ya sayi gandun. Duk ɗan Meziko da ya kalli wannan a 1957 ya san abin da ake taɓawa. Ƙasarsu ta yi juyin juya hali tun daga 1910, kuma rikicin gonaki da manyan masu gandu na cikin tushensa. Shugaba Lázaro Cárdenas ya rarraba filaye masu ɗimbin yawa ga manoma tsakanin 1934 da 1940. Baƙon basarake da ke shan jinin mutanen ƙauye yana neman ya mallake musu ƙasa ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. Méndez ya ari dodon Turawa, amma tsoron da ya cusa masa na gida ne.

Akwai kuma batun wanda ya riga wani. Bela Lugosi bai nuna fiƙoƙi ba a Dracula na 1931. Robles ya nuna su a 1957, shi kuma Dracula na kamfanin Hammer na Ingila, wanda Christopher Lee ya yi suna da shi, sai a 1958 ya fito. Ban ce Ingilawa kwaikwaya suka yi ba. Abin da nake cewa shi ne, littattafan tarihin fim da yawa sun daɗe suna tsallake Meziko idan suna ba da labarin farfaɗowar finafinan ban tsoro a ƙarshen shekarun 1950, kuma ba domin ba ta yi aiki ba.

Me ya sa aka tsallake ta? A nan ne maganar kwafi ta shigo, kuma ita ce zuciyar wannan sharhi. Ƙarfin waɗannan finafinai a duhu yake. Rosalío Solano, wanda ya ɗauki hoton El vampiro, da Gunther Gerzso, shahararren mai zane da ya tsara wuraren wasan, sun gina tsakar gidan gandun da bakuna da hazo da yanar gizo-gizo, ta yadda baƙin da ke allo yake hawa-hawa: akwai baƙin rigar Eloísa, akwai baƙin inuwar ginshiƙi, akwai baƙin dare a bayansu, kowanne daban. Idan ta ratsa tsakar gidan, ido yana rarrabe ta daga duhun ne da ƙyar, kuma wannan ƙyar ɗin shi ne tsoron. To zaren fim duk lokacin da aka kwafe shi daga wani kwafin sai ya yi asarar wani abu. Daga asalin nagetif, wato zaren da kyamara ta ɗauki hoton a kansa, mai faɗin milimita 35 a sauko zuwa na 16 domin gidajen talabijin, daga nan a juye a kaset, daga kaset a juye a faifai mai araha. Kafin a kai ƙarshen layin, baƙaƙen nan duk sun cure wuri ɗaya sun zama toka-toka, fuskoki sun wanke, gefen hoto ya yanke. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne labari da sauti, wato ɓangaren da ya fi rauni.

Sautin ma ba na asali ba ne. A shekarun 1960 wani ɗan kasuwar fim a Filorida, K. Gordon Murray, ya sayi haƙƙin finafinan Meziko masu yawa, ya ɗora musu muryoyin Ingilishi a wani sutudiyo a Coral Gables, aka rarraba su a gidajen talabijin na Amurka. Masu ɗora muryar suna ƙoƙarin daidaita magana da motsin leɓe, sai jimloli suka riƙa fitowa a karkace, mutum yana cikin tashin hankali amma yana magana kamar mai karanta takarda. Har sunan El Santo, ɗan kokawar nan mai rufe fuska da ƙyallen azurfa wanda ya yi finafinai sama da 50, an mayar da shi Samson. Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya da aka fassara da Hausa ya san yadda mai ɗora murya yake iya mayar da wurin kuka ya koma na dariya. Daga baya shirin barkwancin Amurka Mystery Science Theater 3000 ya ɗauki irin waɗannan kwafi, ciki har da fim ɗin Santo da mata mashaya jini na 1962, yana yi musu ba'a a gaban 'yan kallo. Haka sunan ya bi su: finafinan da ake kalla domin a yi dariya.

Ba na son in zalunci Murray. Ba don shi ba, da yaran Amurka na wancan zamani ba su san Meziko tana yin irin waɗannan finafinai ba, kuma wasu daga cikin masu fafutukar gyara su a yau ta hanyarsa suka fara ganinsu. Shi ya sa nake goyon bayan a riƙa saka muryoyin nasa a faifai a matsayin zaɓi na biyu. Su ma tarihi ne, kuma suna iya ɓacewa: fassarar Ingilishin da aka yi wa Misterios de ultratumba, wadda ba ma ta Murray ba ce, an daɗe ana lissafa ta cikin abubuwan da suka ɓata. Sharaɗin kawai shi ne Sifaniyancin asali ya zama shi ne a gaba, da rubutacciyar fassara a ƙasan allo.

Gani ya kori ji, kuma Misterios de ultratumba na 1959 shi ne fim ɗin da zan nuna wa duk mai shakka. Likitoci 2 suka yi alkawari cewa wanda ya riga mutuwa zai nuna wa ɗan'uwansa hanyar leƙa lahira ya dawo. Alkawarin ya cika, amma ta hanyar da mai neman bai taɓa zato ba: an rataye shi kan laifin da bai yi ba, ya farka a jikin wani ma'aikacin asibitin mahaukata da asid ya ƙona wa fuska. Méndez da mai ɗaukar hotonsa Víctor Herrera sun yi wurin ratayar da haske da inuwa kusan kaɗai. A kwafi mai kyau, wannan fim yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da duk wani na ban tsoro da aka yi a Turai ko Amurka a shekarunsa. Kusa da shi akwai El espejo de la bruja na Chano Urueta, labarin mayya mai aikin gida da ta hango a madubi cewa mijin 'yar riƙonta zai kashe ta da guba, ta kasa hanawa, ta koma ɗaukar fansa. Da La maldición de la Llorona na Rafael Baledón, wanda ya jingina da tatsuniyar macen nan mai yawo da dare tana kukan 'ya'yanta.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa kuɗin gyaran fim ba su da yawa, don me za a kashe su a kan finafinan kasuwa da aka ɗauka cikin 'yan makonni, alhali ga manyan ayyuka irin na daraktoci Emilio Fernández da Roberto Gavaldón? Suna kuma cewa ba duka ne masu kyau ba. Wannan na biyun gaskiya ne. El barón del terror na 1962, inda Salazar da kansa ya fito a matsayin basaraken da aka ƙona a 1661 ya dawo bayan shekara 300 yana zuƙe ƙwaƙwalwar jikokin alƙalansa da dogon harshe, aikin gaggawa ne: dodo mai kan roba, da hotuna marasa motsi da aka kafa a bayan 'yan wasa a madadin titi ko sararin sama. Gyara ba ya ɓoye wannan, ƙara fito da shi yake yi, kamar yadda yake fito da zaren da ke riƙe da jemage a El vampiro.

Duk da haka ban yarda a zaɓi na adanawa bisa ɗanɗanon wani zamani ba, domin Meziko ta riga ta ga abin da asara take nufi. Ranar 24 ga Maris 1982 gobara ta tashi a Cineteca Nacional, ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke harabar sutudiyon Churubusco, ta ci rayuka, ta lashe dubban finafinai. Zaren naitiret, wanda a kansa ake ɗaukar finafinai a da, idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Zaren asiteit da ya maye gurbinsa a farkon shekarun 1950, wanda a kansa aka ɗauki finafinan da muke magana, ba ya ci da wuta haka, amma zafi da laima suna ruɓar da shi a hankali: ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe har na'ura ta kasa jan sa. Fim ɗin da masana suka raina a 1960 yana iya zama wanda ake nema ruwa a jallo a yau, kuma in zaren ya narke ba a sake shawara. Ban da haka, waɗannan su ne finafinan da talakawan Meziko suka cika sinimomi domin su gani. Wanda yake son sanin abin da ke firgita mutanen ƙasar a lokacin da ƙauye ke kwarara zuwa birni, a nan zai samu.

Shi kansa gyaran yana da ladabi. A cire ƙura da karce da rawar hoto, waɗanda tsufa ya kawo. Kada a goge zaren jemage, domin masu fim ɗin ne suka sa shi. Kada a wanke ɗige-ɗigen zaren fim da manhaja har fuskar Robles ta yi santsi kamar ta roba, kada a haskaka duhun da Solano ya bari da gangan wai don mai kallo a waya ya gani sosai, kada kuma a shafa masa launi. Mai gyara da ya shiga yi wa darakta gyaran aiki ya koma wani Murray ɗin, sai dai shi da kwamfuta.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne a kan hannun da gyararrun finafinan suke faɗawa. Tun a 2006 wani ƙaramin kamfani a Amurka, CasaNegra, ya fitar da da yawa daga cikinsu a DVD da Sifaniyancinsu na asali, kuma shi ne ya fara buɗe wa mutane da dama ido. Bai daɗe ba ya durƙushe, faifan suka ƙare a kasuwa, farashinsu ya yi sama a hannun 'yan gwanjo. Na Indicator ma ƙayyadadden bugu ne aka fara yi, ana sayar da shi da fam da dala ga masu saye a Birtaniya da Amurka. Faifai kaya ne na kasuwa, yau akwai gobe babu. Kuma abin takaici ne a ce ɗalibi a Guadalajara ko Oaxaca sai ya yi odar kaya daga Ingila kafin ya ga fim ɗin ƙasarsa cikin kyakkyawan yanayi.

Aikin da ya fi ɗorewa a cikin Meziko ake yin sa, da kuɗi kaɗan. Akwai Filmoteca, ma'ajiyar finafinai ta jami'ar ƙasa UNAM, wadda aka kafa a 1960, akwai ɗakin gyaran finafinai na Cineteca Nacional, akwai kuma Viviana García Besné, 'yar zuri'ar Calderón masu shirya finafinai, wadda ta kafa ma'ajiyar Permanencia Voluntaria a Tepoztlán domin ceto irin finafinan da manyan cibiyoyi suka yi wa kallon raini. Da hannunta a gyaran La Llorona na 1933 da finafinan Santo na farko, waɗanda Indicator ya fitar daga baya. Kamfanonin ƙetare suna cin moriyar wannan wahala, don haka ya kamata duk yarjejeniyar da masu haƙƙin mallaka irin su Alameda Films za su sa wa hannu ta ƙunshi abu 2: a ajiye cikakken kwafin gyaran a ma'ajiyar gwamnati ko ta jami'a a Meziko, a kuma ba da damar nuna shi a sinimomin ƙasar da gidajen talabijin na gwamnati bayan an gama sayar da bugun farko. Wannan ba zai rage wa mai sayar da faifai a Ingila ko kwabo ba, tunda masu sayen nasa ba su ne masu kallon talabijin a Meziko ba.