Ma'aikatan Maigida Uku

(Da sassafe Maigida ya raba wa yaransa aikin lambu, ya koma ya kishingiɗa. Hantsi ya yi, ya fito duba aiki yana taƙama. Kaka na zaune a inuwa, Uwargida na shanya.)

MAIGIDA: Kin gani ko? Kullum sai ki ce sun yi ƙanana. Ma'aikata uku ringis, ba albashi, ba yajin aiki.

UWARGIDA: Malam, ka dai zagaya tukuna.

MAIGIDA: Sarkin Tambaya, kai na ba cire ciyawa. Yaya fangalin karas?

SARKIN TAMBAYA: Tas, Baba! Ko ɗaya ban bari ba.

MAIGIDA: Ko ɗaya me?

SARKIN TAMBAYA: 'Yan siraran nan masu kama da gashi. Masu faɗin ganye kuwa na bar su, na ga sun fi ƙoshin lafiya.

MAIGIDA: Innalillahi! Siraran ai su ne karas ɗin! Irin da yake shafe sati 2 zuwa 3 kafin ya leƙo, shi ka share a minti goma?

SARKIN TAMBAYA: To Baba, me ya sa ciyawa ta fi karas sauri?

MAIGIDA: Saboda ba mai jiran ta.

SARKIN TAMBAYA: A mayar da su mana, ga su can na tara.

MAIGIDA: Karas ba ya son dashe. Da an taɓa saiwarsa sai ya fito a karkace, ko ya rabu ƙafa biyu.

KAKA: Mai ƙafa biyu ai ya fi. Sai ya tako da kansa, a huta da tonowa.

MAIGIDA: Inna, don Allah. Kai, wannan tafkin fa a gindin tumatir?

SARKIN TAMBAYA: Kai ka ce yana jin ƙishirwa. Na ba shi bokiti, ya shanye. Na ƙara, ya shanye. Sai da ya ƙi sha na ƙyale shi.

MAIGIDA: Ba ƙin sha ya yi ba, nutsewa ya yi! Saiwa ma tana numfashi. Ruwa ya cika ƙasa, iska ta fita, sai ruɓewa.

SARKIN TAMBAYA: Ina hancinta yake?

(Maigida ya buɗe baki, ya rufe. A nan kam, a gaskiya, yaron ya fi shi hujja. 'Yar Lele ta iso da gudu, hannu cike da furanni ruwan ɗorawa.)

'YAR LELE: Umma, ga kwalliya na kawo miki!

UWARGIDA: Allah ya yi miki albarka, 'yar kirki.

MAIGIDA: Wace albarka? Furen kabewata ne! Tsaya ma, mu gani. Wayyo, matan ta tsinko!

'YAR LELE: Na zaɓi masu 'yar ƙwallo a gindi, sun fi kyau.

MAIGIDA: 'Yar ƙwallon nan ita ce kabewar! Namijin fure ba ya da ita, kara ne kawai siriri.

SARKIN TAMBAYA: Au, fure ma da mace da namiji? Wa yake haɗa su?

MAIGIDA: Ƙudan zuma. Shi yake kwaso garin furen namiji ya kai wa macen. In bai zo ba, ƙwallon ta yanƙwane ta faɗi.

'YAR LELE: Ai ya zo, Baba. Na kore shi da tsintsiya, kar ya harbi Umma.

KAKA: Kishiyata akwai hankali. Nuna masa gwangwanin ma.

'YAR LELE: Jariran macizai ne, na tsince su duka.

MAIGIDA: Tana ce! Ita take huda ƙasa iska ta shiga, kashinta kuma taki ne. Su kaɗai ne ma'aikatan da suka san aikinsu a lambun nan, kin kulle su a gwangwani.

UWARGIDA: Su ma ba albashi, ba yajin aiki.

MAIGIDA: Na ji. Saura latas, shi ne rufin asirina. Ina Auta? Shi aikinsa ba wuya, taki kawai na ce ya ɗebo a ɗan kwano.

KAKA: Angona yana can yana aiki tuƙuru.

(Auta ya ɓullo ta bayan shinge, riƙe da igiya. Ƙarshen igiyar babu kowa.)

AUTA: Baba, na gama.

MAIGIDA: Ina kwanon? Ina fata daga tsohon tulin ka ɗebo. Ɗanyen kashi ƙona shuka yake yi, sai ya yi watanni ya ruɓe.

AUTA: Kwanon ya yi ƙarami, ina ta zuwa ina dawowa. Sai na kawo mai takin gaba ɗaya.

MAIGIDA: Wace mai takin?

AUTA: Akuya. Na ce ta zuba a wajen latas.

MAIGIDA: Ta zuba?

AUTA: Tukuna. Cikinta ba komai, sai ta fara ci.