Akwatin Ɓata Sauti a Rumfar Bakano

A wata rumfar gyaran rediyo da ke Sabon Garin Zariya, Bakano yana zaune a tsakiyar matattun rediyoyi, ƙarfen liƙinsa yana hayaƙi. Wani tsohon Maroƙi ya jingina da bango yana jiran a duba masa lasifikarsa. Sai ga Ɗan Boko, Bazazzage mai karatu a Samaru, rataye da jita, riƙe da gwangwanin kifi da aka huda aka dasa wa makunni.

ƊAN BOKO: Salamu alaikum, Baba. Na kawo maka na'urar da na haɗa da hannuna, wadda ake sa wa tsakanin jita da amfilifaya a taka ta da ƙafa, amma yau kwana uku ke nan ko tari ta ƙi yi.

BAKANO: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ku Zage-zagi, ko gwangwani kuka tsinta a bola sai kun raɗa masa suna na'ura. Kifin da ke ciki fa, ka rage wa Baba ko ka cinye?

ƊAN BOKO: Ka bar zancen kifi, Baba, ka duba batirin tukuna, domin shi nake zargi.

BAKANO: Na ɗora shi a harshe ya cije ni, mita ma ta ba shi gaskiya, bolt 9 cif. Cusa igiyar jitar a ramin shiga, don irin wannan haɗi ba ya jan wuta sai an cusa ta. Yauwa. To, me ya sa wannan ƙaramin aisi mai ƙafa takwas, wato ɗan guntun da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya yi zafi kamar ƙosan da aka kwaso daga kasko yanzu?

ƊAN BOKO: Lambarsa 741, kuma a zane na ga inda ake dasa shi.

BAKANO: Ka ga inda ake dasa shi, amma ba ka ga inda kansa yake ba. Dubi wannan ɗan tsagin da ke gefe guda, shi ne gabansa, daga nan ake fara ƙirga ƙafafu. Ƙafa ta 7 ita ke shan wuta, ta 4 ita ke taka ƙasa, kai kuwa ka juya shi ka shayar da shi ta inda ba a sha. Allah ya jiƙansa. Akwai ƙanensa a aljihun teburina, amma ba sadaka na zo yi Zariya ba.

MAROƘI: Bakano ke nan, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sayar da likkafani.

Aka sauya aisi, aka taka makunni, gwangwani ya ci gaba da shiru.

BAKANO: Kada ka yi mini wannan kallo, Injiniya, gawa ɗaya muka binne, ba mu gama zagaya maƙabarta ba. Waɗannan rizisto biyu masu kama ɗaya, wato 'yan kayan da ke rage gudun wuta, aikinsu su raba wutar batir gida biyu daidai, a samu bolt 4 da rabi a mahaɗarsu, domin sautin ya sami wurin hawa da wurin sauka. Ga mita tana nuna mini sifili. Dubi liƙin da ka yi wa na saman: dalmar ta dunƙule kamar kashin akuya, ba ta sheƙi, ta zauna a kan ƙafar ba ta kama ta ba. Ana ɗumama ƙafar da allon da aka dasa ta a kai tare, sa'an nan a kawo dalma ta narke ta bi su da kanta.

ƊAN BOKO: A littafi ba a faɗi haka ba.

BAKANO: Littafi bai taɓa ƙona yatsa ba.

Ya sabunta liƙin, ya sake awo, mita ta nuna 4 da rabi. Da aka taka makunni sai amfilifaya ta ɗauki gurnani, a ƙarƙashin gurnanin kuma aka ji wata murya can nesa tana karanta labarun duniya.

MAROƘI: A'uzu billahi! Yaro, jita ka haɗa ko ɗakin aljanu? Shekara arba'in ina roƙo, ban taɓa ganin kifi ya karanta labarai ba.

BAKANO: Kwantar da hankalinka, Sarkin Roƙo, wannan aljanin ma'aikacin gidan rediyo ne. Injiniya ya bar wayoyi zaƙo-zaƙo kamar taliya, sun zama eriya, na'urar kuma tana ƙara ƙarfin duk abin da ta tsinta. Gurnanin na wutar lantarkin gari ne, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Maganinsu a rage tsawon wayoyin, a kankare fentin gwangwanin a haɗa jikinsa da wayar ƙasa, ya zama garkuwa.

Aka yi haka, aljani ya yi sallama. Ɗan Boko ya kaɗa jita, sai ga sauti ya fito a shaƙe, yana karce kunne kamar ana yayyaga atamfa. Fuskarsa ta cika da murna. Bakano kuwa ya girgiza kai, ya murɗa maɓallin ƙarfi ƙasa, ya ɗauki filaya, ƙat, ƙat.

BAKANO: Kaɗa yanzu ka ji. Alhamdulillahi, ga sauti garau kamar ruwan randa. Wasu dayod biyu, wato 'yan kayan da ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, na tarar sun juya wa juna baya kamar kishiyoyi, su ne ke shaƙe maka murya, na sallame su.

ƊAN BOKO: Inna lillahi! Baba, ai ka yanke na'urar gaba ɗaya! Waɗannan dayod, masu lamba 1N4148, su ne dalilin haɗa ta. Duk lokacin da sautin ya nemi wuce kimanin bolt 0.6, ɗaya ta aske masa kai ta sama, ɗayar ta aske ta ƙasa, kuma wannan askin shi ne ke ba da ƙarar da masu jita ke nema.

BAKANO: Tsaya in fahimce ka da kyau, don kada in zalunce ka. Ka sayi kaya, ka hana kanka barci, ka biya kuɗin mota daga Samaru, duk domin ka ɓata sautin da Allah ya ba ka lafiyayye?

ƊAN BOKO: Ba ni na fara ba, Baba. A birnin Nashbil na Amurka aka taɓa samun na'urar ɗaukar waƙa ta lalace, sautin ya fito a shaƙe, mutane suka ce shi suke so. A 1962 kamfanin Gibson ya fitar da akwatin takawa mai suna Maestro Fuzz-Tone domin ya riƙa yin wannan ɓarnar da gangan.

BAKANO: Wato shekarar da aka buɗe muku jami'a a Samaru. Yanzu na gane inda abin ya samo asali.

MAROƘI: Ni dai yaron nan bai yi mini laifi ba. Masu garaya tun kaka da kakanni suke maƙala ƙarfe mai 'yan zobba a wuyanta don ya riƙa yin kacau-kacau, kuma ba su taɓa sayen batir ba.

BAKANO: To, shi ke nan, mai kaya ya fi mai gyara sanin abin da yake so. Zan mayar da su. Sai dai ka sani lissafi ya zama uku: kuɗin aisi, kuɗin gyara, da kuɗin ɓatawa.

ƊAN BOKO: Haba Baba, kai fa ka yanke su!

BAKANO: Yankewa gyara ce, an riga an rubuta ta. In kuma kana son ɓatawa ta manya, akwai dayod da aka yi da wani ma'adini mai suna jamaniyam a cikin waccan tsohuwar rediyo, waɗanda tun daga wajen bolt 0.3 suke fara aski, sautin ya fi shaƙewa ya kuma rage ƙarfi. Farashinsu daban ne, domin ba a cika samunsu ba yanzu.

MAROƘI: Ni fa, Bakano, tun hantsi nake jiran lasifikata da ke shaƙe mini kirari.

BAKANO: Kada ka kuskura ka bari a taɓa ta, Sarkin Roƙo. Injiniya, ku nawa ne masu jita a Samaru, kuma nawa za ku saye ta a yadda take?