Mazaunin Kofi

Har yau in na tuna daren Alhamis ɗin nan sai gumi ya karyo min, ko da na'urar sanyi na aiki.

Gyaran banɗaki mai gida ya yi a benenmu, tayil huɗu suka yi saura, manya masu santimita 60 kowane gefe. Haris, wato mai gadin benen, zai zubar, na ce kawo. Na buga lissafi: kowane ɗaya zai ba ni 'yan gutsattsari 36 masu santimita 10 na ɗora kofi, huɗu ke nan 144, a riyal biyar-biyar, 720. Maman yara ta ce, "Abban yara, a shagon araha na abu hamsa fa da riyal biyar ɗin za ka cika leda." Na ce mata nawa aikin hannu ne.

Na ari injin yanka, wanda mutanen nan ke ce wa saruk, wato makami mai linzami, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba. Tayil ɗin mai taurin tsiya ne. A guda ɗaya da na yanka, bakwai ne suka fita da rai, ni kuma na sauko daga saman bene fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Na goge bakinsu da samfefa, na manna musu ƙyallayen atamfa, na bi da man ƙyalli na kafintoci. A jikin gwangwanin an ce a jira awa 24. Ni da hantsi na shafa, da azahar na ƙara lafta wani don ya fi sheƙi. Wanda ya san Jidda a watan Agusta ya san iskar kanta a jiƙe take, wanki ma sai ya ga dama yake bushewa.

Bayan isha'i sai ga Baffa daga Shara Mansur da ke Makka, ba sanarwa, tare da ƙanin Maman yara.

Na durƙusa na gaishe shi, aka kawo dabino da tarmus, sai shaiɗan ya raɗa min cewa yau ce ranar. Na jera abubuwana a kan teburin gilas. Baffa ya dube su ta saman tabarau ya ce, "Wannan kuma fa?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, mazaunin kofi ne." Ya ce, "Ikon Allah. Kofi ma yanzu sai an shimfiɗa masa tabarma."

Na zuba masa shayi mai zafi a 'yar istikana, wato ƙaramin kofin gilas, na ɗora a kan wanda ya fi kyau, mai shuɗiyar atamfa. Aka shiga hirar cunkoson masu umara, kusan minti uku. Sannan Baffa ya yi bisimilla ya ɗaga kofi.

Tayil ya biyo shi.

Ina kallo da idona. Kofi a sama, tayil manne a gindinsa, yana tafiya a hankali kamar ɗan rakiya. Baffa ya ji nauyi, na ga tsintsiyar hannunsa ta ɗan karkata, amma dattijo ne, bai ce uffan ba. Ya kai bakinsa a haka. Kusurwar tayil ta riga kofin isa, ta shige cikin gemu. Ya kurɓa. Ya ce, "Masha Allah, shayin ya yi." Ni ina durƙushe ina kallon zanen kafet kamar yau na fara ganinsa, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ya zo zai sauke, man ƙyalli ya riƙe gemu. Ya ja kaɗan, haɓarsa ta biyo. Ya sake ja, sai ga wani zare mai yauƙi ya miƙe tsakanin gemun Baffa da aikin hannuna kamar na miyar kuɓewa. A nan ne tayil ya gaji, ya saki kofin, ya sauka a kan teburin gilas da kusurwa. Ƙas! Tsaga ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Teburin kuwa, Baffan ne ya saya wa Maman yara da aure.

Abin da ya ce kawai, "A kawo ruwan ɗumi."

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne yaron nan, ƙanin Maman yara. Ya kifa kai a matashi, kafaɗunsa na rawa, wai tari ne. Mutumin da tun aikin Hajjin bara nake binsa riyal 300, kullum "Yaya, ƙarshen wata." Mutumin da ya ari motata ya je Ɗa'if shan iska, ya dawo min da ita tanki a bushe da takardar tara, ya ce kyamara ce ba ta da imani. Shi ne yau yake da bakin dariya. Kafin su kai Makka, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, har ya saka hoton tayil ɗin a zauren WhatsApp na dangi, da gashin gemu uku a manne, ya rubuta wai ana karɓar oda. Gwaggo ta Madina, da ba ta taɓa cewa komai a zauren ba sai "amin", ta turo saƙon murya na minti biyu, ba magana a ciki, dariya ce zalla.

Maman yara ba ta ce min ta faɗa ba. Ta dai aiko min da farashin sabon tebur, ba ko sallama.

Sauran tayil ukun suna bayan ƙofa. Mai saruk ya ce na cinye masa faifan yanka, riyal 25. Shida da suka rage sun bushe sarai yanzu, ɗaya ma muna tokare ƙofar kicin da shi.