Janar Mai Shuɗin Harshe

Abokina ne tafiya ta kama shi, ya kawo min ajiyar kare. Da ya buɗe ƙofar mota sai da na ja da baya, don abin da ya sauko girma kawai zaki zai nuna masa: jan gashi ya yi tsiri zagaye da wuya, fuska a murtuke, 'yan ƙananan idanu can cikin rami, wutsiya a naɗe a gadon baya. Ya ce sunansa Janar, irin Chow Chow ne, asalinsu arewacin China. Ya miƙo min igiya da mataji, ya ja motarsa.

Na tsuguna, na yi fito, na tafa hannu, na kira sunansa har da lanƙwasa murya. Janar ya dube ni sama da ƙasa, ya wuce ta gefena ya kwanta a gaban fanka. Ban yi fushi ba. Na ce baƙunta ce.

Can da dare ina zaune sai ya yi wata doguwar hamma. Nan gabana ya faɗi. Harshen nan shuɗi ne mai duhu, har ya doshi baƙi, dasashi da ganda duk haka. Na haska da fitilar waya, bai canza ba. Guba ya ci? Tawada ya sha? Me zan faɗa wa mai shi, cewa tun ba a kwana ba na kashe masa kare?

Na ɗaura masa igiya na ce mu tafi asibiti. To, ƙafafun bayan irin wannan kare a miƙe suke sambal, kusan babu lanƙwasa, shi ya sa takunsa gajere ne, na ƙasaita. Ni ina ta zufa, shi yana rangaji. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na sungume shi. Babban Chow Chow yakan kai kilo 20 zuwa 32, kuma na rantse Janar yana can ƙarshen ma'auni. Gashi a bakina, gashi a hancina, shi kuwa ya saki jiki yana kallon gari.

Likitan dabbobi ya buɗe bakin ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Malam, me ka ce ya same shi?"

"Likita, ai ga shi nan kana gani! Harshen!"

Sai da ya nemi kujera ya zauna don dariya. Ya ce haka Allah ya halicce su. Ana haifar su da harshe ja-ja irin na sauran karnuka, kafin su cika wata uku ya rine. Su da Shar-Pei, wanda shi ma ɗan China ne, aka sani da haka. A wani karen dabam, in ji shi, shuɗin harshe alama ce ta numfashi ya gaza, don haka gudun da na yi ba hauka ba ne gaba ɗaya. Wannan "gaba ɗaya" ta tsaya min a rai. Ya ƙara da cewa in riƙa nufo shi ta gaba, don zurfin idanunsa ya sa ba ya ganin gefe sosai, in kuma tsare shi daga zafi saboda gashinsa ninki biyu ne. Ma'ana dai fanka ta zama tasa da izinin likita.

Daga baya na karanta cewa Sigmund Freud, shahararren likitan nan na tunanin ɗan Adam, ya taɓa samun irinsa mai suna Jofi, da ke zama a ɗaki yayin da yake ganin marasa lafiya. Ban yi mamaki ba: kare ne da za ka zazzage masa cikinka, ko kunne ba zai motsa ba. A 2024 kuma wani gidan namun daji a birnin Taizhou na China ya rina irinsu fari da baƙi don su yi kama da panda, wata dabbar dajin ƙasar mai irin wannan launi. Ni wanda ya iya riƙe su har aka gama rinin nake son in gani in gaishe shi, domin taje Janar kawai sai na yi lallashi da ban haƙuri.

Jiya abokina ya bugo waya, wai aiki ya riƙe shi, sai ƙarshen wata. A ƙasa nake zaune lokacin, don Janar ya koma kan kujerata. Na ce ya yi masa bayani da bakinsa, na kara masa wayar a kunne. Janar ya saurara kaɗan, ya sake hamma, ya juya mana baya mu duka biyun.